Ɓeran Masar a Teburin Almasihu: Ina Hannun 'Yan Ƙasa Yake a Hotunan Cocin Kusko?

A babban cocin Katolika na birnin Kusko, can kan tsaunukan Andes a ƙasar Peru, akwai wani ƙaton hoto na fentin mai wanda Marcos Zapata ya zana wajen shekarar 1753. Jibin Ƙarshe ne, wato abincin daren da Kiristoci suka yi imani Yesu Almasihu ya ci tare da almajiransa goma sha biyu kafin a kama shi. Masu zane a Turai sun yi wannan hoto ba adadi, kuma in sun ɗora nama a tebur, galibi ɗan ragon Idin Ƙetarewa ne, ko kifi. A teburin Zapata kuwa, abin da ke kwance rigingine cikin faranti, ƙafafu a sama, wata 'yar dabba ce da Urushalima ba ta taɓa gani ba. Yawancin masu kallo suna cewa ɓeran masar ne, wanda mutanen Andes ke kiwo a ɗakin girki su gasa ranar biki. Wasu masana sun ce biskaca ce, dabbar duwatsu mai kama da zomo amma da dogon wutsiya. Ko wacce ce, ta gida ce.

A gaban teburin, Yahuza Iskariyoti ya juyo yana kallon mai kallo, jakar kuɗinsa a hannu. Masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora sukan ce fuskar Francisco Pizarro ce, kwamandan Sifaniyawa da ya rusa daular Inka, wadda ke mulkin yankin kafin zuwan Turawa. Daga nan sai labari ya tashi: ga ɗan ƙasa ya yi wa 'yan mulkin mallaka wayo, ya cusa abincin kakanninsa cikin addininsu, ya kuma mayar da jagoransu maci amana, su kuwa ba su gane ba.

Labarin yana da daɗin ji. Amma an kashe Pizarro a Lima tun 1541, fiye da shekara 200 kafin Zapata ya ɗauki buroshi, kuma zancen fuskar daga bakin 'yan jagora yake yawo, ba daga wata takarda ta zamanin ba. Mafi muhimmanci, hoton ba a lungu aka rataye shi ba. A cocin bishop yake, inda manyan limamai ke wucewa safe da yamma. Hannun 'yan ƙasa yana nan cikin zanen Kusko, ba shakka, sai dai ba a cikin farantin nan ya fi nauyi ba.

Yadda sana'ar ta iso

Sifaniyawa sun shiga Kusko a watan Nuwamban 1533. Birnin shi ne cibiyar daular Inka, a tudun da ya kai kimanin mita 3,400. Suka gina cocin Santo Domingo a kan bangon Korikanca, babban ɗakin bautar rana. Babban cocin gari, wanda aka fara wajen 1560 aka kammala a 1654, an ɗora shi a kan tsohuwar fadar Inka, da duwatsun da aka kwaso daga ganuwar Saksaywaman.

Mutanen Inka ba su saba da zana mutum da fuskarsa da inuwarsa a kan ƙyalle ba. Gwanintarsu tana wajen saƙa, da gini, da ƙira, kuma adonsu na layuka ne da murabba'ai. Cocin Katolika kuwa tana matuƙar bukatar hotuna. Taron manyan limamai na Trent, wanda ya ƙare a 1563, ya tabbatar da cewa a yi amfani da hoto wajen koyar da addini, ya kuma hana a saka wani baƙon hoto a coci sai da iznin bishop. A ƙasar da jama'a ke jin Kecwa da Aymara, ba su jin Sifaniyanci balle Latin, bangon coci shi ne allon karatu.

Malaman farko daga Italiya suka zo. Bernardo Bitti, ɗan ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit, ya sauka a Lima a 1575, ya yi aiki a Kusko da garin Juli na bakin tafkin Titikaka, ya rasu a 1610. Daga wurinsa da irinsa yaran gari suka koyi niƙa launi da mai, da shimfiɗa ƙyalle, da zana doguwar fuska mai taushi irin ta salon Italiya na lokacin. Amma malamin da ya fi kowa almajirai takarda ce. Jiragen ruwa suna kawo dubban hotunan ɗab'i daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam ta yau, baƙi da fari, ƙanana. Mai zane zai karɓi guda daga hannun fada, wato limamin Katolika, ya faɗaɗa shi ya cika bango. Takardar ba ta da launi, ba ta kuma cika kowane gefe ba, don haka launi da cikon fili suka rage a hannun mai buroshi.

Diego Quispe Tito, wanda aka haifa a 1611 a San Sebastian kusa da Kusko, daga gidan sarautar Inka ya fito, har yakan ƙara “Inga” a sa hannunsa. A 1681 ya zana wa babban coci jerin hotunan buruji, kowane buruji haɗe da wani labari daga rayuwar Almasihu ko misalansa. Tara ne suka rage. Tsarin ya ɗauko shi ne daga hotunan ɗab'in Adriaen Collaert, waɗanda shi ma ya yi bisa zanen Hans Bol. Gidaje da koguna da dazuzzukan da ke ciki na arewacin Turai ne, wuraren da Quispe Tito bai taɓa takawa ba. Abin da aka san shi da shi shi ne yadda yake cika irin waɗannan dazuzzuka da furanni da tsuntsaye masu launin ja da shuɗi da kore, har da aku. A Andes gashin tsuntsu kayan sarauta ne da na ibada. Bayan shi, tsuntsayen nan suka zama kamar tambarin zanen Kusko.

Girgizar ƙasa, bishop da rigimar 1688

Ranar 31 ga Maris 1650 girgizar ƙasa ta rushe yawancin majami'u da gidajen birnin. Sake gini ya ɗauki shekaru da dama, kuma kowane sabon bango yana jiran hoto. A 1673 aka kawo sabon bishop daga Madrid, Manuel de Mollinedo y Angulo, mutum mai son zane, wanda ya taho da tarin hotunansa na kansa, ciki har da aikin shahararren mai zane El Greco. Ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 1699, ya gina ko ya gyara majami'u masu yawa a faɗin yankinsa. Wanda ya fi ba wa manyan ayyuka kuwa ɗan ƙasa ne, Basilio de Santa Cruz Pumacallao. Hannun Basilio ya bi salon Sifaniya sau da ƙafa, ta yadda aka daɗe ana zaton shi wani fada ne Basifaniye, sai da takardu suka fito da sunansa na Kecwa. Wannan kaɗai ya isa ya ja kunnen mai neman gane jinin mai zane daga kallon hotonsa.

Masu zanen gari duka a ƙungiyar sana'a ɗaya suke, Sifaniyawa ne ke shugabanci, su ke jarraba wanda zai buɗe shago. Kowace shekara ƙungiyar ke gina ƙofar ado a kan hanyar jerin gwanon Korpus Kristi, babban bikin Jikin Almasihu. A kan wannan aiki aka saɓa. 'Yan ƙasa suka kai ƙara cewa ana wulaƙanta su, suka nemi a bar su su yi nasu daban, kuma takardar da ta rage ta 1688 ta nuna Sifaniyawan suna mayar da martani a gaban hukuma, suna kushe su. Masana tarihin zane irin su José de Mesa da Teresa Gisbert na Bolibiya sun ɗauki wannan shekara a matsayin mafarin abin da ake kira makarantar Kusko ta haƙiƙa. Wasu daga baya sun ce an ɗora wa takarda guda nauyin da ya fi ƙarfinta. Abin da ido ke gani dai shi ne, daga ƙarshen ƙarni na 17 hotunan suka fara barin ƙa'idojin Turai na nisa da kusa da na haske da inuwa. Fuskoki suka zama masu zaƙi, kusan iri ɗaya. Ja da shuɗi da ruwan ƙasa suka mamaye. Zinariya ta yawaita.

Sai kasuwa ta buɗe. Ana naɗe hotuna a ɗora wa alfadarai zuwa Potosi, garin haƙar azurfa a Bolibiya ta yau, da Lima, da arewacin Ajantina, da Chile. A gidan 'yan ɗariƙar Francis da ke Santiago ta Chile akwai hotuna 54 na rayuwar waliyyinsu, waɗanda aka zana a Kusko tsakanin 1668 da 1684. A 1754 wani mai zane, Mauricio García, ya sa hannu a yarjejeniyar kawo hotuna 435 cikin wata bakwai. Mutum ɗaya ba ya yin wannan. Shago ne cike da yara, wani na fuska, wani na tufa, wani na furanni, kuma mafi yawansu ba su sa suna ba. A cikin wannan duniya Zapata ya yi aiki. An haife shi wajen 1710, ya rasu 1773, wasu takardu suna kiransa Marcos Sapaca Inca, kuma a wajen 1755 shagonsa ya yi wa babban coci hotuna kusan 50 na kirarin Maryamu. Ɗan kwangilar bishop ne, ba ɗan tawaye a ɓoye ba.

A koma ga farantin. A gidan 'yan ɗariƙar Francis na Lima akwai wani Jibin Ƙarshe na ƙarni na 17, shi ma da ɓeran masar a tebur, kuma ana dangana shi ga Diego de la Puente, ɗan Jesuit haifaffen Turai. Ke nan kafin a haifi Zapata, sa abincin gida a teburin Almasihu abu ne da masu wa'azi da kansu suka yarda da shi, don mai kallo ya gane cewa wannan liyafa ce ta babbar rana. Duk da haka ba za a ce dabbar ba ta ɗauke da komai ba. Pablo José de Arriaga, fadan da ya rubuta jagorar farautar bautar gargajiya a 1621, ya lissafa ɓeran masar cikin abubuwan da aka fi yankawa don tsafi. Fadan da ke tsaye gaban hoton zai ga abincin biki. Manomin da ya sauko daga ƙauye zai iya ganin dabbar hadaya kwance a gaban wanda ake kira Ɗan Ragon Allah. Dukansu sun ga daidai, kuma babu wanda ya yaudari wani.

Tufa

Inda gadon Inka ya fi fitowa fili, a ganina, shi ne a tufafin da ke cikin hotunan. A daular Inka babu dukiyar da ta kai kyakkyawar saƙa. Akwai wata mai suna kumbi, ta gashin dabbobin Andes da ake kira alfaka da bikunya, wadda keɓaɓɓun mata da ƙwararrun masaƙa ke yi wa sarki. Da ita sarki ke yi wa hakimai da jarumai kyauta, ita ake ƙonawa hadaya, ita ake tufatar da duwatsu masu tsarki da gawarwakin sarakuna. Abu in yana da girma, a jikin tufarsa ake gani.

To, dubi abin da masu zanen Kusko suka yi wa waliyyai. Bayan an gama hoto, sai a bi rigar Maryamu ko ta mala'ika da ado na zinariya: a shafa abin liƙi bisa tsarin fure ko tauraro, a ɗora zinariya a kai. Adon ba ya bin lanƙwasar tufa. Ko rigar ta naɗe a gwiwa, furen zinariya yana nan shimfiɗe sumul, kamar dai aikin aska takwas a babbar riga, wanda mai ɗinki ke so a gan shi cikakke ko da mai rigar ya zauna. Ga idon malamin zane na Madrid wannan kuskure ne. Ga mai saye a Kusko shi ne darajar hoton, har akan rubuta a yarjejeniya cewa a sa zinariya, kuma farashi ya ƙaru.

Haka kuma wani nau'in hoto da ya yi kasuwa ƙwarai: ba Maryamu ake zanawa ba kai tsaye, mutum-mutuminta ake zanawa, wanda ke tsaye a wani coci sananne, da labule da kyandir da tulunan furanni a gefe. Ana tufatar da waɗannan mutum-mutumi da alkyabba mai tauri da ke buɗewa daga wuya zuwa ƙasa, sai siffar ta zama kamar tsauni, fuska da hannaye kaɗai ke leƙowa. Ta garin Pomata har da tuntun gashin tsuntsu a kan kambinta. Gisbert ta danganta wannan siffa da Pacamama, uwar ƙasa, da kuma tsaunukan da mutanen Andes ke girmamawa. Masu ja da ita suna cewa ai a Sifaniya ma haka ake tufatar da mutum-mutumin Maryamu, kuma gaskiyarsu ne. Amma akwai hoto guda da ba ya bukatar gardama. A tsohon gidan buga kuɗi na Potosi akwai wani zane na ƙarni na 18, ba a san mai shi ba, inda jikin Maryamu shi ne tsaunin azurfa na Potosi kansa, kanta a ƙololuwa, hannayenta suna fitowa daga gefen dutse, hanyoyin ma'adinai suna ratsa rigarta, rana da wata a gefe biyu, Fafaroma da Sarkin Sifaniya Charles na Biyar a durƙushe a ƙasa. Tsaunin da aka fara haƙa a 1545, wanda ya ci rayukan 'yan ƙasa masu aikin tilas ba iyaka, shi aka yi wa kambi.

Mala'iku ma an tufatar da su. A cocin Calamarca ta Bolibiya da Uquía ta Ajantina akwai mala'iku sanye da rigunan manyan Sifaniya masu kumburarren hannu, da hula mai gashin tsuntsu, kowanne riƙe da bindiga ƙirar da. Yadda suke riƙon bindigar, wani yana ɗura albarushi, wani ya saɓa a kafaɗa, an kwaikwayo shi daga littafin atisayen soja na Jacob de Gheyn na 1607. A Turai ba a san mala'ika da bindiga haka ba. A Andes kuwa, da mutane suka fara jin ƙarar bindiga, sunan Illapa suka ba ta, ubangijin tsawa da walƙiya.

Launukan kansu rabi na gida ne: ja daga ƙwaron kocinil da ke rayuwa a jikin wani tsiro mai kama da kyarana, wanda masaƙan Inka suka daɗe suna rini da shi, da shuɗi daga baba, da jan ma'adini irin na Huancavelica. Wasu kuma daga Turai ake sayo su.

Da hoto ya zama shaidar sarauta

Akwai wani ɓangare da labarin “wayon talaka” ke mantawa: 'yan ƙasa ba masu zane kaɗai ba ne, har da masu biyan kuɗin zane. Sifaniya ta bar wa zuriyar Inka da sarakunan gargajiya wasu haƙƙoƙi, kamar yafe musu haraji da aikin tilas, muddin sun tabbatar da asalinsu. Hoto ya zama hujja. A jerin hotunan Korpus Kristi da aka yi wa cocin Santa Ana wajen 1675 zuwa 1680, waɗanda goma sha biyu daga ciki ke gidan tarihin fadar babban bishop a Kusko, ana ganin shugabannin unguwanni suna gaban jerin gwano sanye da rigar Inka, da jan tuntun sarauta a goshi, amma da hannun riga na leshin Turai, suna riƙe da tutar waliyyin unguwa. Masaniyar tarihi Carolyn Dean ta nuna cewa manyan kekunan ado da ke ɗauke da waliyyai a hotunan an kwafo su ne daga wani littafin biki na birnin Balensiya na Sifaniya, don a Kusko a kafaɗa ake ɗaukar waliyyai. Wato hoton ba rahoton abin da ya faru ba ne, yadda masu biya ke so a gan su ne: cikakkun Kiristoci, kuma cikakkun jikokin sarki.

'Yan Jesuit ma sun yi amfani da wannan dabara don kansu. A cocinsu da ke dandalin Kusko akwai hoton auren Martín García de Loyola, ɗan'uwan wanda ya kafa ƙungiyarsu, da gimbiya Beatriz, 'yar sarkin Inka Sayri Tupac. Iyayen amarya suna zaune cikin kayan sarautar Inka, lema ta gashin tsuntsu a kansu. Abin da hoton bai faɗa ba shi ne, angon nan shi ya kamo kawun amarya, Tupac Amaru na farko, sarkin Inka na ƙarshe, wanda aka fille wa kai a wannan dandali a 1572.

Hukuma ta daɗe tana kallon irin waɗannan hotuna a matsayin ado, har sai da José Gabriel Condorcanqui, wani basarake da ya ɗauki sunan Tupac Amaru, ya ta da bore a watan Nuwamban 1780. Aka kama shi, aka kashe shi ranar 18 ga Mayu 1781 a dandalin da babban coci ke kallo. Hukuncin da wakilin sarki José Antonio de Areche ya yanke bai tsaya kan mutumin ba. Ya haramta sa kayan Inka da jan tuntun nan, ya ba da umarni a kawar da hotunan sarakunan Inka daga gidaje da majami'u, a maye gurbinsu da na sarkin Sifaniya. Jami'in da ya fi kowa neman alamar tawaye a bangon Kusko, tufa da fuskokin sarakuna ya sa a cire. Jibin Zapata bai shiga lissafinsa ba.

Bayan wannan, gidajen sarautar da ke ba da aiki suka karye, sannan yaƙe-yaƙen neman 'yanci na farkon ƙarni na 19 suka tsinke hanyoyin fatauci zuwa Potosi. Manyan shaguna suka mutu, sana'ar ta koma hannun masu yi wa ƙauyuka ƙananan hotuna.

Yau a unguwar San Blas da kewayenta ana ci gaba da zana mala'iku masu bindiga da Maryamu mai rigar zinariya, ana sayar wa baƙi, wasu ma akan dusashe launinsu don su yi kama da tsofaffi. Dokar Peru ta hana fitar da na ainihi daga ƙasar, shi ya sa mai sayen sabo yakan nemi takardar Ma'aikatar Al'adu da ke shaida cewa kwaikwayo ne. Na ainihin kuwa ɓarayi sun yi wa majami'un ƙauye ɓarna mai yawa, sukan yanke ƙyallen daga cikin katakonsa su naɗe. A watan Satumban 2016 gobara ta tashi a cocin San Sebastian, mahaifar Quispe Tito, ta cinye da yawa daga hotunan da ya zana wa unguwarsu.